Ajiyar maniyyi: A faɗa wa majinyaci tun kafin a soma magani

Akwai wata magana da mazanmu ba sa son a taɓa, daga zangon Sokode zuwa na Dapaong har kasuwar Sinkase. Idan aure ya shekara biyar babu haihuwa, matar ake kallo. Ita ake kai wa mai magani, ita ake yi wa kishiya, wani sa'in ita ake saki. Alhali likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa a kusan rabin irin waɗannan gidaje, akwai hannun namiji a matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023, mutum 1 cikin 6 na gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, akwai rashin haihuwar da ake ganin tahowarsa tun daga nesa. Mutumin da aka samu da ciwon daji, za a sa masa magani mai ƙarfi ta jijiya ko a gasa wurin da haske, ko a cire masa ƙwan maraina. Wannan magani na kashe cutar, amma yana iya kashe ƙwayoyin haihuwa, wani na ɗan lokaci, wani har abada. Dabarar ita ce a karɓi maniyyinsa kafin a soma, a daskarar da shi cikin ruwan nitrojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A wannan sanyi yana shekaru masu yawa bai lalace ba. Ba sabon abu ba ne: a 1953 aka fara samun ciki da daskararren maniyyi a jihar Iowa ta Amurka, Faransa kuma ta buɗe cibiyoyin ajiyarsa tun 1973.

Nan gida ma ba a bar mu a baya ba. A 1997 aka haifi jaririn farko ta hanyar dashen ciki a Togo, a asibitin Biasa da ke Lome, ƙarƙashin Dokta Moïse Fiadjoe. Irin waɗannan asibitoci ne ke da kayan daskarewa. Sai dai daga Sokode zuwa Lome tafiyar fiye da kilomita 300 ce, daga Dapaong kuwa ta haura 600. Ɗan kasuwar da aka tura kudu da takardar asibiti, hankalinsa na kan ransa da kuɗin magani. Idan likita bai ambata masa ba, ba zai tambaya ba, kuma da zarar an yi ƙarin ruwan farko, dama ta soma kuɓucewa.

Mun san tambayar da ke bakin mai karatu: ya halatta? Muftin Masar na wancan lokaci, Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, ya ba da fatawa a 1980 cewa dashen ciki ya halatta tsakanin miji da matarsa. Sharaɗin da malaman Sunna suka tsaya a kai shi ne maniyyin na mijin ne, ƙwan na matarsa, kuma igiyar aure na nan. Na wani ƙato daban haramun ne, domin yana cakuɗa nasaba. Haka nan ba a amfani da shi bayan mutuwar miji ko bayan aure ya ƙare. A ganinmu, nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya yi irin taka-tsantsan ɗin da yake yi wajen ba da ajiyar kaya. A rubuta yarjejeniya: nawa ne kuɗin ajiya a shekara, wa ke da ikon karɓa, kuma a zubar da shi idan mai shi ya rasu. Wanda ba ya karanta Faransanci ya tafi da amintaccen da zai karanta masa kafin ya sa hannu.

Kada kuma a ɗauka ajiyar tabbacin haihuwa ce. Dama ce kawai, kuma dashen na da tsada, ba kowa zai iya ba. Amma mai iyawa da marar iyawa duk suna da haƙƙin a sanar da su.

Don haka muna kira ga likitocin manyan asibitocin Sokode da Dapaong, duk namijin da za su tura Lome saboda ciwon daji, su keɓe shi su faɗa masa wannan da harshen da yake ji, Hausa ko Kotokoli ko Moba. Limamai da sarakunan zango su ma su nemi likita ya zauna da su ya yi musu bayani, domin wurinsu majinyaci ke zuwa neman addu'a kafin ya hau motar Lome.