Mashayi Ba Ya Warkewa Shi Kaɗai

Akwai wata cuta da ke cin ma'aikatanmu, malaman makaranta da akawuna, wadda kowa ya sani amma ba mai son ya ambata, wato shan giya. Malami ya kan zo aji ido jajawur, ran Litinin ba a ganinsa, albashi ya ƙare kafin goma ga wata. Abin da mu shugabanni mu kan yi bai wuce abu biyu ba: ko mu rufe ido, ko mu rubuta masa takardar gargaɗi, daga nan sai kora. Duk biyun ba wanda ya taɓa raba mutum da kwalba. Akwai hanya ta uku, ita mu ke so jama'a su duba.

A shekarar 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka, waɗansu mashaya biyu suka gamu, Bill Wilson, dillalin hannun jari, da Bob Smith, likita. Suka lura in ɗaya ya zauna ya gaya wa ɗaya halin da ya ke ciki ba ɓoye-ɓoye, sai ƙishin giyar ya ragu musu duka. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta tashi, ma'anar sunan kuwa mashaya waɗanda ba a bayyana sunansu. Suka buga littafinsu a 1939, da matakai 12 na tuba da gyaran hali. A 1947 aka yi taronsu na farko a Landan.

To, yaya taron ya ke? Ba a biyan kuɗin shiga, ba a cika takarda. Sharaɗi ɗaya ne, mutum ya kasance yana son ya bar sha. A kan zauna kamar awa guda, kowa ya faɗi sunansa na fari kaɗai, wanda ya so ya ba da labarinsa, wanda bai so ba ya yi shiru ya saurara. Ba mai yi wa wani wa'azi. Sabon shiga ya kan zaɓi wani wanda ya daɗe da bari ya zama majiɓincinsa, ya neme shi ko da tsakar dare in abin ya motsa. Kuma ba su cewa mutum ya rantse ya bari har abada, alkawarin yini guda su ke ɗauka, gobe a sake. Mu da mu ka saba da koyar da yara mun san amfanin wannan, gama ba a ba ɗalibi karatun shekara a rana ɗaya.

Wani zai ce ai wannan al'adar Turawa ce, mu giya haramun ce gare mu, mashayi ya tuba kurum. Lalle haramun ce, ba gardama. Amma fa a tuna haramcin ma a hankali ya sauka, mataki bayan mataki. Ga shi kuma a wajenmu kunya ita ce ta ke ƙara tsananta cutar. Bature ya kan sha a fili, in ya lalace a gani da wuri. Namu kuwa a ɓoye ya ke sha, ba ya iya gaya wa liman, ba ya iya gaya wa surukinsa, sai hanta ta kumbura. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mutum ba ya tuɓewa sai inda ya amince ba za a kai labarinsa kasuwa ba. Saboda haka dokar rufin asiri ta wannan taro ta fi dacewa da mu bisa waɗanda su ka ƙago ta. Musulmin Amurka ma sun kafa irin tasu a birnin Baltimore a 1989, mai suna Millati Islami, sun daidaita matakan da addini.

Ba kuma zancen baka ba ne. A 2020 masanan Cochrane sun tattara bincike 27, na mutum fiye da 10,000, suka ga wannan hanya ta kai sauran hanyoyin jiyya wajen sa mutum ya bari ɗungum, wani lokaci ma ta fi su.

Sai dai mu ja kunne. Wanda ya daɗe yana sha kullum, kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Jiki ya kan ɗauki rawa, hankali ya gushe, har farfaɗiya, wani ma ya kan mutu. A fara da likita. Asibitocin masu taɓin hankali irin na Barnawa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Dawanau a Kano, can ya kamata a nufa, can kuma za a tambayi ko akwai taro kusa. Ƙungiyar ta kan sa jerin wuraren taronta a intanet, tun 2020 kuma taro da yawa ta wayar hannu a ke yinsu, mutum na zaune a ɗakinsa ba wanda ya ga shigarsa. In taron farko bai yi masa daɗi ba, kada ya yanke hukunci, ya gwada wani. Inda babu ko ɗaya, mutum biyu ko uku sun isa su fara.

Roƙonmu ga hedimastoci da manyan akawuna shi ne, kafin a rubuta takardar kora, a kira mutumin a rufe ƙofa, a ba shi izinin zuwa asibiti, a kuma sauƙaƙa masa lokacin zuwa taro. Kada a tambaye shi su wa ya gani a can.