Man Zaitun Ba Ya Buɗe Hanjin Da Ya Toshe

Wani marubuci ya ba masu karnuka a birnin Washington da kewaye shawara: tunda kuɗin likitan dabbobi ya fi ƙarfin talaka, in kare ya haɗiye ƙashi ko safa hanjinsa ya toshe, a ɗura masa man zaitun ko ruwan gishiri, a jira. Tsadar gaskiya ce. Maganin ne ba gaskiya ba.

Na farko, da me mai kare zai gane toshewa ce? Amai, ƙin cin abinci da ciwon ciki alamomin cututtuka ne barkatai. Sai hoton ciki ke rarrabewa.

Na biyu, totuwar masara da ta cije a ƙaramin hanji, wane mai ne zai narkar da ita? Ɗurawar ma haɗari ce: kare mai amai kan shaƙe, man ya faɗa huhu. Gishiri da yawa kuwa guba ne.

Na uku, jiran me? Abin da ya toshe yana danne jijiyoyin jini, bangon hanji ya mutu, ya ɓule, ƙazanta ta malale cikin ciki. Tiyatar da ake gudu ta ninka kuɗi, karen ma ba tabbas. In zare ne ya leƙo ta dubura, jansa na iya yanka hanji.

Kuma wa ya ce babu likita a yankin? Asibitin dabbobi na Friendship da ke birnin yana karɓar gaggawa dare da rana, Maryland da Virginia ma suna da irinsa. A buga waya, a faɗi ƙarfin aljihu, a tambayi tsarin biya kaɗan-kaɗan, a tuntuɓi ƙungiyar ceton dabbobi ta Humane Rescue Alliance ko tana da hanyar taimako.

Shawarar da ta kamata ita ce: a daina ɗura, a ɗauki kare a tafi.