FILIN MATA: Sandar Maigida Ba Taki Ba Ce

 

Makon nan zancenmu a kan wani wasa ne wanda da yawa cikinku ba ku taɓa gani ba sai a talabijin, watau golf, wanda 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Na san wata za ta ce, "Malama, mu da ke fama da tsadar gero, ina ruwanmu da wasan manya?" Gaskiyarta, wasan masu hali ne, ba na ɓoye muku. Amma takardu biyu sun zo mini a kansa, ɗaya daga Kazaure, ɗaya daga Roni, duka daga matan ma'aikata waɗanda aiki ya kai su birni, duka kuwa likita ne ya ce su riƙa tafiya a ƙasa saboda hawan jini. Maigida ya shiga kulob, aka rubuta sunan uwargida tare da nasa, ya miƙo mata tsofaffin sandunansa ya ce bisimilla. Ta Roni ta ce mako uku ta yi ta bari, gama bayanta ya riƙe, ƙwallon kuwa ta ƙi tashi daga ƙasa. Tana tambaya ko wasan ne ba na mata ba.

Na mata ne sarai. Tun a 1900 mata suka buga shi a wasannin Olamfik na birnin Faris, wata Ba'amurkiya mai suna Margaret Abbott ta ci. Mazan Turawa ne suka daɗe suna tare ƙofa, har babban kulob ɗin St Andrews na ƙasar Sikotilan, inda ake ɗauka gidan wasan ne, bai yarda mace ta zama mamba ba sai a 2014. Mu ma muna da tamu, Georgia Oboh, 'yar Nijeriya, wadda ta shiga sahun ƙwararru tana da shekara 17, ta yi ta karawa da matan Turai a gasarsu. Laifin yana wajen sandar da aka ba 'yar'uwarmu.

Ga yadda wasan ya ke, domin wadda ba ta sani ba. Fili ne babba mai rami 18, kowane rami faɗinsa inci 4 da kwata. Ki bugi 'yar ƙwallo da sanda, ki bi ta da ƙafa, ki sake bugu, har ta faɗa rami, sa'an nan ki wuce na gaba. Wadda ta gama da bugu mafi ƙaranci ita ta ci. Kafin a gama an yi tafiyar mil 4 ko 5, cikin sa'a huɗu ko kusa da haka, shi ya sa likitoci ke son sa. Mu mutanen Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, filayen da suka fi saukin zuwa gare mu su ne na Kano, wanda ke nan tun zamanin Turawa, da na Dutse, wanda marigayi Sarkin Dutse Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi ya kafa domin ƙaunar da ya ke yi wa wasan. Ya rasu a 2023, Allah ya ji ƙansa.

To, mu zo kan sanda. Kowace macen karkara ta san ba a ba yarinya 'yar shekara goma taɓaryar uwarta, ta kuma san ƙotar fartanya daidai tsawon mai noma a ke sassaƙa ta. A kwalejin horon malamai ma an nanata mana kada mu zaunar da ɗan aji ɗaya a bencin 'yan aji shida, domin ƙafarsa za ta yi lilo, rubutunsa ya karkace, a ce yaron ne daƙiƙi. Sandar golf haka ta ke. Tana da kai, da ƙota, da mariƙi na roba, kowanne kuwa akwai na wani akwai na wani.

Tsawo shi ne na fari. Sandunan da a ke yi wa mata sun fi na maza gajarta da kamar inci ɗaya. Inci ɗaya a wajen tela ba kome ba ne, amma a nan shi ke sa kan sandar ya daki ƙasa kafin ya kai ga ƙwallo, girgizar ta bi hannu ta hau kafaɗa ta sauka a gadon baya. Ki sa takalmi marar tsini, ki tsaya sak, ki saki hannuwanki, wata ta ɗauki tef ɗin ɗinki ta auna daga wuyan hannunki zuwa ƙasa. Wannan awo, tare da tsawonki, shi za ki kai wa malamin wasa na kulob. Kada kuwa maigida ya ce zai kai wa maƙeri ya rage tsawon tasa. In aka yanke ƙota sai ta ƙara tauri, nauyin kan kuma ya canja a hannu, a yi gyaran gangar auzinawa.

Taurin ƙota shi ne abin da ya fi cutar masu koyo, kuma shi ne ba a gani da ido. Ƙotar tana lanƙwasa kaɗan lokacin da a ke lilo da ita, sa'an nan ta miƙe ta watsa ƙwallo, kamar tsumagiya. Mai ƙarfin bugu yana bukatar mai tauri, mai sanyin bugu mai laushi. Ki duba jikin ƙotar, za ki ga harafi. L ita ce mafi laushi, sai A, sai R, sai S, sai X mafi tauri duka. Yawancin maza R ko S su ke riƙewa, da yawansu ma don kunya su ke riƙe S, ba don sun isa ba. Mace mai koyo in ta ɗauki S, ba ta iya lanƙwasa ta, sai ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa ta karkace dama, ita kuma ta ƙara ƙarfi, bayan ya ƙara ciwo. Akwai ƙota ta ƙarfe, akwai ta wani abu marar nauyi da a ke kira garafayit, ta biyun ita ta fi dacewa da yawancinmu.

Amma fa kada ku ɗauka harafin L doka ce a kan kowace mace. Masu ƙera sandunan nan matan ƙasarsu suka auna, matsakaita, waɗanda ba su taɓa surfe ba. Doguwar mace wadda ta tashi tana daka tana jan guga a rijiyar Gwiwa, hannunta ya fi na wani akawun nauyi, L za ta yi mata laushi ƙwarai, ƙwallo ta yi ta watsewa hagu da dama. Irin wannan A ko R ce tata, ko da an rubuta ta maza ce. A gwada a filin koyo, ƙwallo ashirin da wannan, ashirin da waccan, ido zai raba gardama.

Mariƙi kuma ga gwajinsa. Ki kama da hannun hagu. In yatsanki na tsakiya da na kusa da shi sun ɗan taɓa tudun babban yatsa, ya yi daidai. In ba su kai ba, ya yi miki kauri. Wannan gyara ne mai araha, a kan cire robar a sa wata. Bahaguwa kuma ta faɗa tun da wuri, gama akwai sanduna na hagu, sai dai sun fi wuyar samu. Na san an hana mu cin tuwo da hagu tun muna yara, amma ba wanda ya ce a hana bugun ƙwallo.

Yanzu sai maganar kuɗi, watau sanda nawa za a saya. Doka ta ce kada a wuce 14 a jaka, wadda ta wuce a ƙara mata bugu biyu a kowane rami, har zuwa huɗu. Doka ba ta ce sai an cika 14 ba, mai sayarwa ne zai ce haka. Sandunan ƙarfe suna da lamba, 3 zuwa 9. Mai ƙaramar lamba ta fi tsawo, fuskarta a tsaye, tana kai ƙwallo nesa. Mai babbar lamba gajeruwa ce, fuskarta a kwance, tana ɗaga ƙwallo sama ta sauke kusa. A hannun gwani, tsakanin lamba da lamba akwai kamar yadi 10. A hannun mai koyo kuwa, 5 da 6 da 7 duk wuri guda su ke kai ƙwallo. Me ya sa za a biya kuɗin uku?

Ni dai shawarata shida sun isa shekarar fari. A sami lamba 7 da lamba 9. A sami guda mai ƙaton kai domin bugun nesa. A sami irin wadda ke tsakanin ƙarfe da mai ƙaton kai, ruwa biyu ke nan, ita ce ta maye gurbin lamba 3 da 4 waɗanda ko maza ke kuka da su. Sai ta fid da ƙwallo daga ramin yashi, sai fota, watau ta gangarawa cikin rami. Babbar nan da su ke kira direba, wadda kowane sabon shiga ke ɗoki, ita ce mafi tsawo kuma mafi gardama. In lalle sai an saya, a nemi mai kwanciyar fuska digiri 12 zuwa sama, ta maigida ba ta cika wuce 9 ko 10 da rabi ba.

Fota ita ce ba a yi wa rowa. A fili mai rami 18 a kan ƙaddara wa gwani bugu 72 ko kusa da haka, 36 daga ciki na fota ne, biyu a kowane rami. Ita ce kuma kaɗai za ki iya koyo a tsakar ɗaki, a kan darduma, da kofi a kwance. A nan ƙarfi ba shi da amfani, mace da namiji ɗaya ne.

Akwai wani abu da littattafan Turawa ba za su gaya muku ba, gama su a kan ciyawa mai laushi su ke wasa. Ƙasarmu da rani tauri gare ta kamar daɓe. Sandar yashi gindinta faɗi gare shi, an yi shi haka domin ya zame cikin yashi kada ya nutse. A rairayi irin na Babura aikinta ke nan. Amma a kan fako irin na gindin duwatsun Roni, faɗin nan sai ya yi tsalle daga ƙasa, bakin sandar ya sari ƙwallo a ciki, ta wuce kamar harsashi. A irin wannan wuri ki ɗauki lamba 7 ko 9, ki ɗan taɓa ta gangara. Filayen Arewa da yawa ma tun asali ba ciyawa a ke sa wa kewayen rami ba, yashi ne a ke cuɗawa da mai a baje, saboda ƙarancin ruwa. Ki tambaya wane iri ne a filinku, domin gudun ƙwallo a kansu ya bambanta.

Ƙwallo kuwa a sayi mai araha, mai tauri. Mai tsada domin gwanaye a ka yi ta, ke kuwa za ki zubar da su cikin ciyawa da kududdufi, doka kuma tun 2019 minti 3 kaɗai ta ba da a nema. Ki sa wa taki alama da alƙalami. Sandunan gwanjo ba laifi, sun ma fi dacewa da mai koyo, sai dai a girgiza a ji ko kan yana motsi, a duba tsatsa a ƙota, a duba ko zanen fuskar ya shafe. A tafi da wanda ya sani, gama akwai jabu.

Tufafi sun fi damun wadda ta rubuto daga Kazaure. Kowane kulob da nasa tsari, sai a tambayi shugabar mata ta wurin. Dogon wando mai sakewa da riga mai dogon hannu ba sa hana bugu. Abin da ke hanawa shi ne dogon mayafi, gama yana naɗe hannu a tsakiyar lilo, sai a sa ƙaramin hijabi a cusa bakinsa cikin riga, a ɗora hula mai baki saboda rana. A cire awarwaro da zobba. Safar hannu guda ɗaya a ke sawa, a hagu ga mai bugu da dama. Takalmin kambas ya isa da rani.

Saura zancen zama mamba. In an rubuta ki a ƙarƙashin sunan maigida, ki tambayi sakatare ko kina da ƙuri'a ran taro, ko kuma kallo ne naki. Ki kuma nemi a ba ki lambar rangwame da sunanki. Rangwamen nan shi ne bugun da a ke yafe wa mai rauni domin ta iya karawa da gwana. Tun 2020 tsari ɗaya duniya ke bi, iyakarsa 54 ga mace da namiji, ana samunsa bayan an miƙa katin rami 54, watau zagaye uku cikakku. Ba tare da shi ba sunanki ba zai hau allon gasar wata-wata ba. Akwai kuma ƙungiyar mata masu wasan ta ƙasa baki ɗaya, shugabar mata ta kulob ita ce hanyar zuwa gare ta. Wurin fara bugu na gaba, wanda ya fi kusa da rami, haƙƙinki ne, kada kunya ta mai da ke na baya.

Yaron da ke ɗaukar jaka a biya shi da kyau, a kuma saurare shi. Ƙwararrun Nijeriya da yawa daga ɗaukar jaka suka fara, ya san kowane tudu da kwari na filin. A fita da sassafe da gorar ruwa, mai hawan jini kuma ta fara da rami 9, ta gaya wa likitanta tukuna.

Mai tambaya ta aiko da takarda ta hannun Edita, ta rubuta tsawonta da awon wuyan hannunta zuwa ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.