Raddi ga masu cewa kito na narkar da kitse cikin mako guda

Da'awar masu tallar cimar kito gajeriya ce: sitaci guba ne, ka bar tuwo da shinkafa da burodi, ka kama nama da ƙwai da man shanu, kafin mako ya zagayo kilo huɗu na kitse ya narke. Shaidarsu kuwa sikeli.

To, a yi lissafi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, kilo huɗu ya haura 30,000 ke nan. Babban mutum yana ƙona kamar 2,000 zuwa 2,500 a rana. Ko da ya kwana bakwai bai kai loma bakinsa ba, da ƙyar ya ƙona 17,500. Sauran daga ina? Ruwa ne, malam! Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, wajen rabin kilo, ana kiransa gilaikojin, kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da zarar sitaci ya gaza giram 50 a rana, ajiyar nan sai ta zaizaye, insulin ya sauka, ƙoda ta saki gishiri, ruwa ya bi fitsari. Ciwon kai da kasalar makon farko, galibinsu daga nan suke. Ka ci shinkafar biki kwana biyu, ruwan ya koma mazauninsa. Fitsari ake yi wa guɗa, ana ɗaukarsa hoto a kan sikeli.

Sun ce cimar kito ta fi kowace cima rage ƙiba. A 2018 Jami'ar Stanford ta fitar da binciken mutum 609 na shekara guda: masu rage sitaci sun zubar da kusan kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5 da ɗoriya. Tazarar ba ta kai a kafa hujja da ita ba. A wani bincike da aka fitar a 2021, Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya kwantar da mutum 20, kowa ya yi mako biyu a kan kito, mako biyu a kan cimar tsirrai mai ƙarancin maiƙo. A kan kiton suka fi ci, da rarar sama da kalori 500 kullum.

Wai likitoci ne suka ƙirƙiro ta. Haka ne: Russell Wilder, asibitin Mayo, 1921, domin yara masu farfaɗiya. Tana musu aiki, amma likita na tsaye, domin tsakuwar ƙoda da taurin bayan gida na biyo baya. Teɓa farfaɗiya ce?

A kan cimar kito sukarin jini yana sauka, ban musa ba. Shi ya sa mai allurar insulin da ya faɗa mata da ka zai iya sumewa. Mugun kolestarol kuma yakan hau ga wasu.

Batun sitaci guba ne kuwa, a tambayi mutanen Japan da shinkafarsu.