Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Gaya Zuwa Ga Ministan Sufuri



Daga Gaya nake rubutu, bakin gadar Malanbil. Tun da aka rufe gadar nan a 2023, mai zuwa Kwatano sai ya naɗe wando ya shiga kwale-kwale, jakarsa a ka. Wanda ya ga haka ba ya buƙatar a faɗa masa amfanin jirgin sama ga ƙasar da ba ta da teku. Air France ma ta daina sauka Yamai tun watan Agustan shekarar. Saboda haka da na ji ana maganar kamfanin jiragen sama na ƙasa, da kuma na haɗin gwiwa da Mali da Burkina Faso, na yi murna. Amma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Dattawanmu sun san Air Afrique. A Yawunde aka kafa shi a 1961, ƙasashe 11 har da Nijar, ya rushe a 2002. Ba rashin fasinja ya kashe shi ba. Gwamnatoci na ɗaukar tikiti bashi ba sa biya, kowace ƙasa na cusa nata mutanen, har ma'aikata suka haura 4,000 a kan jiragen da yatsun hannu za su ƙirga. Karyewar darajar sefa a 1994 ta ninka bashin, masu bin bashi suka zo suka kwashe jirage. An kuwa kawo masana daga waje: Bafaranshe Yves Roland-Billecart a 1989, Ba'amurke Jeffrey Erickson a 2001. Na farkon, ƙasar da ke ba da rancen ce ta turo shi. Na biyun, kabari ya tarar an riga an haƙa.

Maƙwabtanmu na Nijeriya, da muke cin kasuwar Kamba tare, sun sha nasu. Nigeria Airways ta mutu a 2003. A watan Mayun 2023 aka baje kolin Nigeria Air a Abuja, daga baya ta bayyana jirgin Habasha ne aka shafa wa fenti.

Ba ma sai mun leƙa gidan wani ba. Duk mai hawa mota daga nan zuwa Yamai yana ganin layin dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin Yamai da Dosso, kilomita kusan 140. An yi bikinsa a 2016, aka ce zai iso Gaya ya tsallaka zuwa Faraku. Yau awaki ne ke kiwo a kansa, ruwan sama ya zaizaye ƙasar wasu wuraren ya bar ƙarfen a rataye. Da an sa wanda ba shi da ko dala a cikin kwangilar ya duba ta tun farko, wataƙila da an ji wata magana.

Roƙona ke nan: kafin a sayi ko taya ɗaya, a kira masanan da ba su da jirgin sayarwa, ba su da na haya, ba kuma sa jiran kujera a kamfanin. Dillali ba ya kushe rago a kasuwar Sallah. Kuma ba dole sai Bature ba. Makarantar koyon harkar jiragen sama ta EAMAC tana Yamai tun 1963, ta yaye 'yan Afirka masu yawa, akwai kuma tsofaffin matuƙa da injiniyoyi da akantocin Air Afrique da suka ga yadda aka yi ɓarnar da idonsu. Su faɗa mana mutum nawa ke tashi zuwa Damagaram ko Agadas a mako, wane jirgi ya dace da ƙurarmu da zafinmu, ina za a riƙa gyara shi, shekara nawa za a yi ana faɗuwa kafin riba, kuma aljihun wa zai ɗauka. Su je Lome su ga yadda ASKY ke tashi tun 2010 da dafawar kamfanin jiragen Habasha, su gano abin da ya hana ta bin sahun Air Afrique.

In sun gama, kar rahoton ya kwana a aljihun tebur. A karanta shi a rediyo da Hausa da Zabarmanci, ko da amsarsu ita ce a fara da ƙananan jirage biyu na haya. Mu da za a biya da harajinmu muna son jin lissafin kafin a zaɓi launin fenti.

Allah ya ja zamaninka.

Wani ɗan kasuwa,
Gaya, jihar Dosso