Idan shafi ya ƙi buɗewa, a tuhumi kamfanin layi kafin a tuhumi waya

Sanin kowa ne cewa a yau rajistar jarrabawar JAMB da duba sakamakon WAEC da aika kuɗi ta banki duk sun koma intanet. To amma da zarar shafi ya ƙi buɗewa, malamin makaranta a Tambuwal ko mai POS a kasuwar Kebbe wayarsa yake fara zargi, ya garzaya wurin mai gyara, a goge masa komai, ya biya kuɗi, alhali kuwa wayar lafiyarta ƙalau. A ganinmu, sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Kafin shafi ya bayyana a waya, sai saƙo ya bi ta ƙarfen sabis, wanda galibi da janareta yake aiki, sannan ya bi wayoyin da aka binne a gefen titi har Legas, wani lokaci ma ya ratsa ƙarƙashin teku. Idan man janareta ya ƙare, ko motar aikin hanya ta tsinke waya, shi ke nan. A ranar 14 ga Maris 2024, lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta dagula harkar bankuna a Nijeriya. Akwai kuma toshewar da ake yi da gangan bisa umarnin hukuma: an toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sannan a Satumban 2021 aka katse layuka a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Tambuwal, saboda 'yan bindiga.

Gane mai laifi ba shi da wuya. A gwada buɗe shafin da layin wani kamfani daban. In ya buɗe, matsalar daga kamfanin farko take. In ya ƙi a kowane layi alhali sauran shafuka na buɗewa, ko dai masu shafin ne ke da matsala, ko kuma hukuma ce ta sa aka toshe shi. In kuwa maƙwabci mai irin layinka yana shiga lafiya, a nan ne ya dace a duba wayar.

Abin da ya fi damunmu shi ne shirun kamfanonin. A Mayun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta wajabta musu sanar da jama'a duk wata babbar katsewa, da dalilinta, da lokacin da ake sa ran gyarawa, tare da biyan diyya idan ta wuce sa'o'i 24. Sai dai sanarwar da aka sa a intanet da Turanci ba za ta isa ga mutumin Kuchi ko Dogon Daji da intanet ɗin ta yanke masa ba.

Don haka muna kira ga kamfanonin da su riƙa sanarwa da Hausa ta gidajen rediyo irin su Rima. Gwamnatin jiha kuma ta tilasta wa 'yan kwangilar hanyoyi su tuntuɓi kamfanonin kafin su fara haƙa. Mu masu ilimin zamani kuwa, wajibinmu ne mu rubuta rana da lokacin da matsala ta auku, mu kai ƙara ga kamfanin, in ya yi biris mu kira NCC a lamba 622 kyauta. Wanda ya biya kuɗin data yana da haƙƙin a gaya masa abin da ya hana shi amfani da ita.