Batirin da aka ƙera don Turai ba zai riƙe sabar Kano ba

Duk mai kantin magani, ƙaramin asibiti ko shagon sari da ya ajiye kwamfutar da ke riƙe da lissafin kaya da kuɗi, wadda masu sana'ar ke kira saba, ya san baƙin akwatin nan mai suna UPS. Yawanci da tambaya biyu ake sayensa: nawa ne, kuma VA nawa aka rubuta a kwali. Ni a ganina tambayar da ta kamata a fara yi ita ce sau nawa batirin zai iya ƙarewa a sake cika shi, kuma a wane irin zafi.

Ƙaramin UPS mai 650VA yakan zo da batirin dalma guda ɗaya mai bolt 12, kuma ainihin ƙarfin da yake bayarwa bai kai wat 400 ba. Ɗora masa saba mai cin wat 300, mintuna kaɗan zai yi. Wannan ba algus ba ne, domin an ƙera shi don ƙasashen da wuta ke ƙiftawa jefi-jefi, ya riƙe na'ura har a kashe ta lafiya. A wurinmu kuwa ana iya ɗauke wuta sau da yawa a wuni guda, alhali irin wannan batiri, in ana tatse shi ƙarƙaf, zagaye ɗari biyu zuwa uku yake yi ya mutu. Ga kuma zafi. Masu ƙera shi suna auna shekarunsa ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa kusan biyu. A Afrilu, Sakkwato da Maiduguri na haura digiri 40, kuma galibi a lungun da iska ba ta shiga ake cusa akwatin. Shi ya sa na fi karkata ga batirin litiyom nau'in LiFePO4, wanda ke jure zagaye dubbai, kuma zafi bai cika karya shi da wuri ba.

Za a ce yana da tsada, kuma gaskiya ne. Amma mai canza batirin dalma kusan kowace shekara yana biyan kuɗin ne kashi-kashi, sannan batirin ba ya sallama kafin ya mutu. Ranar da ya gaza, saba na tsakiyar rubuta bayanai, lissafin bashin wata guda na iya lalacewa. Masu tsoron gobara kuma, LiFePO4 ya fi litiyom ɗin wayar hannu wuyar kamawa da wuta, muddin yana da na'urar kula da caji ta gaske.

Wani zai ce ai yana da janareta da inbata. Janareta sai an tashe shi, saba kuwa ba ta jure yankewar wuta ko da ta ƙiftawar ido ce. Inbata mai araha ma takan yi jinkirin sauyawa, wasu kuma wutar da suke fitarwa ba mai santsi ba ce, sabar zamani na iya ƙin karɓarta. Nau'in UPS da ke tace wuta ba tsayawa, ko daga kamfanin wuta na KEDCO ta zo ko daga janareta, shi ya dace da saba.

Babu batirin da zai riƙe ofis a irin duhun Oktoban 2024, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya bar jihohin Arewa da dama babu wuta fiye da mako guda. Wannan aikin sola ne. Abin da mai shago zai iya shi ne raba kaya. Rauta, na'urar rarraba intanet, ba ta cin fiye da wat 10 zuwa 20, ƙaramin batiri nata na kanta zai riƙe intanet awanni. Firinta mai leza kada ta kusanci UPS. Saba kuma a haɗa ta da shi ta wayar USB, domin in batiri ya yi ƙasa da dare, ta kashe kanta kafin wuta ta yanke mata.